Saƙon Da Ba Ya Jiran Amsa: Daga Kafen Kurmin Sarki Zuwa Ajin Masta

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya adana shi ya dawo daga baya, ba zan ji haushi ba.

Makon jiya a ajinmu na masta, malamin da ke ɗaukarmu darasin sadarwar kwamfuta ya jefo mana tambaya: mene ne bambancin TCP da UDP? Kafin ya rufe baki hannuwa sun tashi. Kowa ya rero abin da muka haddace tun aji biyu, wai TCP abin dogaro ne amma yana da nawa, UDP kuma yana da sauri amma ba a dogara da shi. Malam ya gyaɗa kai, sai ya ce, "To madalla. A cikinku wa ya taɓa buɗe soket da hannunsa, ya tura ko da kalma ɗaya daga kwamfutarsa zuwa ta wani?" Aji ya yi tsit. Mu ashirin da uku ne, hannu biyu kacal suka tashi. Ɗaya nawa ne, kuma in faɗa muku gaskiya, digirina na farko bai ba ni abin ɗaga hannun nan ba. A wani ɗan kafe na samo shi a unguwarmu, Kurmin Sarki a Suleja, wajen wani yayana da ko difloma bai gama ba a lokacin.

Tun ranar abin yake cina a rai. Sai na koma na bi tarihin wannan UDP ɗin tun daga tushe, na kuma tarar da wani abu da ya ba ni kunya, ya kuma ba ni ƙwarin gwiwa: kusan duk matakin da aka taka a labarin nan, ɗalibi ne ya taka shi. Shi ya sa na ga nan ne ya dace in ajiye shi.

KAFE

A 2008 ina ɗan shekara goma sha ɗaya. Suleja ta riga ta cika ta batse da ma'aikatan da hayar Abuja ta fi ƙarfinsu. Da ma sunan Abuja namu ne, sai da gwamnatin Murtala ta yanke shawarar gina sabon babban birni a 1976 aka ɗauke sunan, garinmu ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. To duk waɗannan baƙin da mu 'yan gari, buƙata ɗaya ke haɗa mu layi: mai rajistar JAMB, mai duba sakamakon WAEC ko NECO, mai neman aiki, mai cike cacar bizar Amurka, kowa sai ya je kafe. Wayar salula ta shigo tun 2001, amma yawancin wayoyin hannun mutane kira da tes kawai suke yi.

Kafen da Yaya yake tsaro kwamfuta goma ce a jere, sai ta goma sha ɗaya a teburinsa, ga faifan tauraron ɗan Adam a saman kwano, ga janareta a baya yana ta tari. Lokaci ake sayarwa, rabin awa ko awa ɗaya, sai kuma burauzin ɗin dare ga masu kwana. Babban ciwon kan aikin shi ne tsaron lokaci. Yaya yana da wani littafi mai kauri da yake rubuta wa ya zauna a lamba nawa da ƙarfe nawa, in lokaci ya kusa sai ya taso ya dafa kafaɗar mutum. Ni ne ɗan aikensa bayan an tashi Islamiyya: "Kai, je ka gaya wa lamba shida saura minti biyar." Wani ya harare ni, wani ya yi kamar bai ji ba.

Da dare kuwa, in kafe ya yi sauƙi, Yaya yakan buɗe wata manhaja mai suna mIRC ya shiga hira da mutanen da bai taɓa gani ba. A can ne wani ya nuna masa cewa manhajar ba ta tsaya a hira ba, tana da nata ɗan yaren rubuta umarni, abin da muke kira sikirif. Daga nan aikina na ɗan aike ya fara tangal-tangal. Amma kafin in gaya muku abin da ya rubuta da yadda ta kaya, bari mu koma baya mu ga inda kayan aikin da ya tarar a hannunsa suka fito.

WASIƘA DA SHELA

A watan Afrilun 1969, wani ɗalibin digiri na gaba a jami'ar UCLA ta Amurka, Steve Crocker, ya rubuta takardar farko kan yadda kwamfutocin ARPANET za su riƙa magana da juna. Shi da abokansa ɗalibai, cikinsu da Vint Cerf da Jon Postel, suna tsoron kada manya su ce sun yi rawar kai, don haka ba su kira takardar doka ko ƙa'ida ba, suka kira ta RFC, wato neman jin ra'ayi. Har gobe da wannan sunan ake fitar da ƙa'idojin intanet.

A watan Mayun 1974 Cerf da Bob Kahn suka wallafa tsarin TCP. Tunaninsa irin na wasiƙar rajista ne. Kafin a fara magana sai an yi gaisuwa hawa uku: ina son magana da kai, na ji ina saurare, to ga ni nan. Sannan a yanka saƙo gunduwa-gunduwa, kowane fakiti da lambarsa. Mai karɓa ya riƙa cewa na samu, na samu. In ɗaya ya ɓace a hanya a sake turo shi, kuma ba za a miƙa wa mai saƙo na bayansa ba sai shi ya iso, don kada jeri ya rikice. Ga wanda ke tura fayil ko lissafin kuɗi, wannan shi ne daidai, tunda harafi ɗaya in ya faɗi ya ɓata komai.

Sai dai akwai wasu da tsarin bai yi wa daɗi ba. Danny Cohen da abokan aikinsa tun 1974 suna gwada tura muryar mutum kai tsaye a ARPANET. A wajensu, fakitin da ya makara ba shi da maraba da wanda ya ɓace. Ku tuna yadda magina ke aiki a ginin ƙasa: yaro yana ƙasa yana cilla tubali, magini yana sama yana cafewa. In ɗaya ya kuɓuce ya faɗi, ba wanda zai tsai da aiki ya sauko nemansa, na gaba za a cillo. Haka murya take. In wani ɗan gutsuren sauti ya faɗi, kunne zai cike gurbin, amma in aka tsai da duk maganar ana jiran a sake turo shi, hira ta mutu.

Wannan gardamar tana cikin abin da ya sa a 1978 aka raba tsarin gida biyu. IP ya ɗauki aikin kai fakiti daga adireshi zuwa adireshi ba tare da alkawarin komai ba, TCP ya hau kansa ya ɗauki aikin tabbatarwa. Sai aka bar wata 'yar ƙofa a gefe domin wanda ba ya son tabbatarwar. David Reed na MIT ne ya tsara ta, Jon Postel ya rubuta ta a RFC 768 ranar 28 ga Agustan 1980. Reed haifaffen 1952 ne, kenan shekarunsa 28, sa'ana na yau. Takardar kuwa shafi uku ce. Shafi uku fa! Gabatarwar furojet ɗina ta fi ta tsawo.

Abin da ke ciki bai wuce wannan ba: kowane saƙo a manna masa goshi mai bayit 8, gida huɗu, kowanne bayit biyu. Ƙofar da ya fito, ƙofar da za shi, tsawonsa, sai wani ɗan lissafi na gane ko ya lalace a hanya. Goshin TCP mafi ƙanƙanta bayit 20 ne. Babu gaisuwa, babu lambar jeri, babu na samu. In TCP ɗan aike ne da zai tsaya a zaure sai an ba shi amsa, UDP mai shela ne: ya tsaya a bakin layi ya faɗi abin da aka aiko shi, ya wuce. Wanda ya ji ya ji.

Kuma ba sakaci ne ya kawo haka ba. Reed tare da Jerome Saltzer da David Clark sun rubuta wata maƙala a farkon shekarun 1980 da har yanzu ake karantarwa, inda suka kafa hujjar cewa tabbatar da isar saƙo aikin mai turawa da mai karɓa ne, domin su kaɗai suka san abin da isa take nufi a wajensu. Hanya ta tsaya a ɗauka da kaiwa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa a kafe.

Ranar 1 ga Janairun 1983 ARPANET ta koma kan TCP/IP gaba ɗaya. A shekarar ne kuma Jami'ar Kaliforniya ta Berkeley ta fitar da 4.2BSD, wanda ya zo da abin da ake kira soket. Soket ɗin nan kamar na bango yake: manhajarka ta jona, ta faɗi adireshin IP da lambar ƙofa, ta zuba saƙo, ba ruwanta da abin da ke cikin waya. Adireshi shi ne gidan, ƙofa ita ce ɗakin da ake nema a cikin gidan. Har ila yau a 1983 Paul Mockapetris ya ƙirƙiro DNS, mai juya sunan shafi zuwa lamba, kuma a kan UDP yake yawancin aikinsa, ƙofa ta 53. Tambaya ɗaya, amsa ɗaya, in ba a ji ba a sake tambaya.

ƊALIBAI BIYU DA HIRA

A watan Agustan 1988, Jarkko Oikarinen, ɗalibi ɗan shekara 21 a Jami'ar Oulu ta ƙasar Finland, ya rubuta IRC don ya maye gurbin wata 'yar manhajar hira da ke kan kwamfutar sashensu. Ɗakunan hira masu farawa da alamar #, da laƙabin da mutum ke shiga da shi, da masu ikon korar mai rashin kunya daga ɗaki, duk IRC ce ta yaɗa su. A 1991, lokacin yaƙin Tekun Fasha da kuma yunƙurin juyin mulkin watan Agusta a Mosko, mutane sun riƙa ba da labarin abin da ke faruwa kai tsaye ta IRC. A 1993 aka rubuta ƙa'idarta a RFC 1459, inda aka ƙayyade cewa layin saƙo ɗaya ba zai wuce bayit 512 ba.

Sai Khaled Mardam-Bey, haifaffen Amman ta ƙasar Jodan, wanda ya san IRC yana karatu a Jami'ar Westminster a Landan. Ranar 28 ga Fabrairun 1995 ya saki mIRC domin masu Windows. Abin da ya sa manhajar ta yi fice har da yaren sikirif ɗin da ke cikinta. Da farko na gajarta umarni ne da amsa gaisuwa kai tsaye, a hankali ya girma har ya samu soket nasa. Ma'ana yaron da ya shigo don hira da 'yan mata, ba tare da ya sayi komai ko ya shiga wani aji ba, yana danna maɓalli biyu sai ga shi a gaban ƙofar intanet tsirara.

A lura da wani abu da mutane ke rikitawa: ita hirar IRC kanta a kan TCP take tafiya, galibi ƙofa ta 6667, domin ba wanda ke son layin hirarsa ya ɓace ko ya zo a birkice. UDP ɗin da ke cikin mIRC na masu sikirif ne, don su yi magana da wasu abubuwa na waje. 'Yan wasan Quake da Counter-Strike sun yi amfani da shi sosai wajen tambayar sabar wasa mutum nawa ne a ciki, amsar ta fito a ɗakin hira.

ABIN DA YAYA YA RUBUTA

Umarnin guda ɗaya ne, sockudp. Ka ba soket ɗin suna, ka faɗi adireshi da ƙofa, ka rubuta saƙonka. Nasa kusan haka yake:

/sockudp -n shela 192.168.0.6 5000 Saura minti biyar

A kowace kwamfuta cikin goman ya sa mIRC tana tashi tare da Windows tana laɓe a ƙasa. Ya buɗe soket da alamar -k, wadda ke hana shi rufewa, don ya zauna yana saurare a ƙofa ta 5000. Sai ɗan sashe mai farawa da on udpread, wanda da zarar wani abu ya faɗo zai karanta shi da sockread ya fito da shi a fuskar kwamfuta. A teburinsa kuma ya haɗa da mai ƙidayar lokaci. Duka-duka bai kai layi talatin ba. Kuma ko faifan saman kwano ya daina aiki saƙon yana zuwa, tunda iyakarsa wayoyin cikin shago.

Ranar da ya fara aiki na ga mutum ya zabura ya waiwaya yana neman wanda ya yi masa magana. Yaya yana ta murmushi kamar wanda ya ƙera jirgi. Ni kuwa aka sallame ni daga aiki ba ko sisin sallama.

Sati biyu ana jin daɗi, sai matsala ta farko. Aka ɗauke wuta, kafin janareta ya kama lamba huɗu ta mutu ta sake tashi, amma mIRC ɗinta ba ta tashi ba. Wani bawan Allah yana kai yana cike fom. Lokacinsa ya yi, sikirif ya yi shelarsa, ba kowa a ƙofar. A teburin Yaya komai lafiya lau, domin UDP ba ya dawowa ya ce maka ban tarar da kowa ba. Mutumin ya ƙara kusan awa guda. Da aka ce ya biya, ya rantse ba abin da ya fito masa, Yaya ya rantse ya tura. Kuma dukansu gaskiya suka faɗa. Mai kafe ya zo ya raba gardama ta hanyar da masu shago suka saba, ya cire kuɗin a albashin Yaya.

Daren nan bai yi barci ba. Washegari ya ce min, "Zo ka gani. Yanzu in na tura, dole ta ce min ta ji." Ya sa kowace kwamfuta in ta karɓi saƙo ta mayar da NAJI. In daƙiƙa uku suka wuce shiru, a sake turawa, in aka yi sau uku ba amsa, teburinsa ya yi ƙara ya taso da ƙafarsa. Sai wata sabuwa ta ɓullo: wani lokaci saƙon ya isa, amsar ce ta makara, sai gargaɗi ya fito wa mutum sau biyu. Ya zauna ya yi tunani, ya ce to kowane saƙo a ba shi lamba, in kwamfuta ta ga lambar da ta riga ta gani ta amsa amma kada ta nuna.

'Yan ajinmu, kun ji abin da na ji? Amsar tabbatarwa, ƙidayar lokaci, sake turawa, lambar jeri. Sai da na zo aji uku a jami'a ana zana mana su a allo na gane cewa Yaya ya sake ƙirƙiro rabin TCP ne da kansa, saboda an taɓa masa albashi. Hujjar su Reed ce ta tabbata a shago: hanya ba ta yi maka alkawari ba, kai da ke bakinta kai za ka yanke irin tabbacin da kake buƙata, ka gina shi.

Matsala ta biyu ta fi ban dariya. Wani ɗan sakandare mai wayon tsiya ya leƙa sikirif ɗin ya gane kan abin. In ya zo ya tarar layi, sai ya lallaɓa wajen abokinsa da ke zaune, ya tura wa wata lamba "Lokacinka ya ƙare, tashi." Bawan Allah ya tattara takardunsa ya miƙe, yaro ya zauna. Soket ɗin duk wanda ya yi magana a ƙofarsa saurarensa yake. Yaya ya gyara ta hanyar duba adireshin da saƙo ya fito, in ba na teburinsa ba ne a watsar. A shago wannan ya wadatar. A faɗin intanet kuwa bai isa ba, kuma nan ne labarin yake yin duhu.

INDA ABIN YA ƁACI

Tunda UDP ba ya gaisuwa kafin magana, mai turawa yana iya rubuta adireshin wani a matsayin nasa, amsa ta tafi can. Kuma tunda ba ya jiran na samu, ba abin da zai hana shi zuba fakiti iya ƙarfin layinsa. Tun wajen shekarar 2000 aka fara ganin irin su GT Bot, wato mIRC da aka ɓoye a kwamfutar mutum ba da saninsa ba, ɗauke da sikirif da ke shiga wani ɗakin hira a asirce yana jiran umarnin maigidansa. Kwamfuta dubu su taru su yi wa guda ɗaya ambaliya. A ƙarshen 2002 zuwa farkon 2003 hare-haren ambaliya suka durƙusar da DALnet, ɗaya daga cikin manyan dandalin IRC na lokacin, jama'a da yawa suka watse ba su dawo ba.

Dabarar ta ci gaba da girma bayan an manta da mIRC. Ka tura 'yar tambaya da adireshin wanda kake so ka cuta, sabar ta mayar masa da amsa mai ninkin girma. Da haka aka kai wa Spamhaus hari ta DNS a watan Maris na 2013, wajen gigabit 300 a daƙiƙa. Ranar 28 ga Fabrairun 2018 aka yi wa GitHub na terabit 1.35 a daƙiƙa ta sabobin memcached da aka bari a buɗe a kan UDP. Ƙannena masu zumuɗin a kira su haka, ku sani tun 2015 Najeriya tana da dokar laifukan intanet. Gwajinka ya tsaya a kwamfutarka da ta abokin da ya yarda.

BAYAN KAFE

Kafe ya mutu a hankali. A 2010 kebul ɗin MainOne da Glo-1 da suka iso Legas ta ƙarƙashin teku suka fara aiki, data ta fara sauƙi, waya ta ƙwace kasuwa. Mu 'yan zamanin 2go mun san yadda aka kwana ana neman tauraro ya kai Master a kan 'yar Nokia. Ita ma 2go ɗin, Alan Wolff da Ashley Peter ne suka fara ta a 2007 suna ɗalibai a Jami'ar Witwatersrand ta Afirka ta Kudu. Ɗakunanta na hira jikokin ɗakunan IRC ne, sai dai ta zo a rufe: ba inda za ka danna ka ga cikinta, balle ka rubuta naka. Daga ita sai BBM, sai WhatsApp. Kowace ta fi ta baya daɗin amfani, kowace kuma ta fi ta baya nisanta mu da injin. Yaya ya samu soket a cikin abin wasansa. Ƙanena da ke aji ɗaya yanzu, wayarsa ta ninka duk kwamfutocin kafen nan ƙarfi, amma sitika kawai zai iya ƙerawa.

Shi kuwa UDP bai je ko'ina ba, ƙara ƙarfi ma ya yi. WhatsApp ya kawo kiran murya a 2015, kuma irin wannan kira, da na bidiyo, da lakcar Zoom da aka yi ta yi lokacin korona, galibi a kansa suke tafiya. In kana kira ka ji murya ta ɗan yanke ta ci gaba, tubali ne ya faɗi aka cillo na gaba. In kuma ka tura tes ka ga agogo yana juyawa, daga baya saƙonni biyar su shiga a jere, wannan halin TCP ne. Abin da ya fi burge ni shi ne QUIC, wanda Jim Roskind ya fara a Google a 2012, ya zama RFC 9000 a watan Mayun 2021, kuma a kansa HTTP/3 yake. Me suka yi? Sun ɗauki UDP tsurarsa, suka gina nasu tabbatarwar da lambar jeri da ɓoye sirri a kansa, yadda fakiti ɗaya da ya ɓace ba zai tsare sauran abubuwan shafi ba. Dabarar Yaya ce, sai dai su ba a cire musu albashi ba. In ka buɗe YouTube a Chrome yau, akwai yiwuwar ta nan bidiyon yake zuwar maka.

ABIN DA YA SA NA DAMU

Ranar 14 ga Maris 2024, muna cikin azumi, kebul huɗu na ƙarƙashin teku suka samu matsala a gaɓar Yammacin Afirka: WACS da ACE da SAT-3 da MainOne. Kun tuna yadda aka yi, manhajar banki tana ta juyawa, saƙo ya ƙi tafiya. Ina hostel a ranar, muna da aikin rukuni da za mu miƙa. Abokin aikina yana ɗaki na uku daga nawa, amma saƙon da zan tura masa sai ya nemi hanyar ƙetare teku ya je wata saba sannan ya dawo. Ɗaliban kwamfuta shida, muka zauna muna kallon waya muna tsaki.

Sai Kurmin Sarki ta faɗo min a rai. Na kunna hotspot ɗin wayata ba data, kowa ya jona laftof ɗinsa, na rubuta 'yan layuka a Python da soket irin na SOCK_DGRAM, ɗaya yana sendto ɗaya yana recvfrom. Kafin a sha ruwa muna hira a tsakaninmu. Wani ya tambaye ni wace manhaja ce wannan, a ina na sauke ta. Ɗan masta ne fa, kuma ya fi ni maki. Ban ga laifinsa ba, haka aka koya mana: a zana hawa bakwai na OSI, a haddace, a juye a takardar jarrabawa, furojet kuma a sayo a bakin get.

Ga 'yan Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da aka rufe wa layukan waya a watan Satumban 2021, wannan ba labarin nishaɗi ba ne, sun san yadda rayuwa take in sabis ya tafi makonni. Sanin yadda na'ura biyu za su yi magana ba tare da sun nemi izinin wata saba a Turai ba, ilimi ne da muke da buƙatarsa fiye da waɗanda suka ƙirƙiro shi.

Don haka ga abin da nake roƙo, musamman 'yan aji biyu da uku. A wannan satin ka samu abokinka, ku jona laftof biyu a hotspot ɗaya. Ka tura masa kalma ɗaya ta UDP. In ta isa, ka rufe tasa manhajar ka sake turawa, ka ga yadda taka ba za ta ce maka uffan ba. Ka tura saƙo dubu a jere ka ƙirga nawa suka isa, sannan ka ɗauki laftof ɗin ka yi nisa da wayar ka sake ƙirgawa. Ka gwada saƙon da ya wuce bayit 1,472, wanda a yawancin layuka daga nan ake fara farfasa shi, ka kuma gwada wanda ya wuce 65,507 ka ga abin da zai ce maka. Daga nan ka yi ƙoƙarin gyara ɓacewar da kanka kafin ka buɗe littafi. In ka buɗe daga baya, za ka tarar babin TCP ya zama kamar labarin gidanku.

Yaya yanzu sana'ar sola yake yi, yana haɗa wa mutane batir da faranti. Da na je gida hutun da ya wuce na ba shi labarin tambayar Malam, na ce masa abin da ya rubuta a 2008 yana da suna a littattafanmu. Ya yi dariya ya ce, "Kai dai ka gama karatun nan ka zo ka biya ni kuɗin awa ɗayan nan da aka cire min."

Wanda ya yi zamanin kafe, ko a Suleja ko Minna ko Zariya ko ina ne, ya ba mu nasa labarin a ƙasa. Wanda kuma ya gwada aikin ya maƙale, ya ajiye hoton abin da ya fito masa, in na dawo daga laburare da daddare zan duba. In na ga mun kai mutum goma, sai mu nemi aji ɗaya ranar Asabar kowa ya zo da laftof ɗinsa da cajarsa. Allah Ya ba mu sa'ar jarrabawa.